Rasuwar Dela, Motar da Kunyar Suruki Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ba shi da izinin faɗar duk abin da ke cikinta, Malam Zayyanu na Kende yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na gida da na ƙetaren iyaka, rasuwar motarsa akori-kura, Dela. Ta cika ranar Talata bayan azahar a kan hanyar Tsamiya, bayan gajeriyar jinya ta zazzaɓin giyar mota.

Marigayiyar baƙuwa ce, ta Kwatano ta shigo. Shanun noma biyu Zayyanu ya sayar kafin ya kawo ta gida, ya sa mata Dela domin ta zo ne a bayan babura uku, duka maza. Otomatik ce, ba ta da kuloci, har sai da ƙafarsa ta hagu ta yi wata guda tana laluben abin da babu. Shekara biyar ta yi tana kwaso shinkafarsa daga fadama, tana kai mata kasuwar Bagudo, tana kai marasa lafiya asibiti ba tare da ta tambayi ɗan gidan wane ne ba. Ba ta taɓa tara maza su tura ta ba. Da safe a murɗa makulli ta ce "ƙyat-ƙyat, burum," shi ke nan. Ƙofarta ta dama kan ce "ƙiii," mutanen gida su san maigida ya dawo.

Ajalinta ya biyo ta hannun mutumin kirki, Alhaji Malami, mahaifin Safina matar Zayyanu. Alhaji ya sayi tsohuwar tarakta a wajen Segbana, can ƙetaren iyaka, da aka zo tafiya da ita ta ƙi tashi. Ya kira surukinsa ya ce, "Zayyanu, ai motag ga taka ƙarhi gare ta. Ka taho ka jawo muna ita, abin kusa na." Zayyanu ya san nauyin tarakta, ya san rairayin hanyar, ya kuma san shinkafarsa ta rani na jibge a fadama tana jiran Dela kafin ruwan farko. Amma wa ya taɓa duban uban matarsa ya ce a'a? Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Aka ɗaura sarƙa. Aka ɗora garmar taraktar a bayan Dela, direban Alhaji ya hau taraktar ya riƙe sitiyari, Alhaji kuwa ya shiga gaba ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Zayyanu, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar ɗaurin aure. Rana ta take. Tun kafin a tsallako iyaka Dela ta fara canja giya tana komawa, tana "uuun, gim, uuun, gim," kamar mai neman a saurare ta. Wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Zayyanu ya gan ta sarai. Ya san in ya tsaya ya ce mota ta gaji, kamar ya ce kayan Alhaji sun yi nauyi ke nan. Sai ya cire hularsa ya ɗora a kan fitilar.

Da suka fara hawan tudu wari ya cika motar. Alhaji ya ce, "Mi a wanga wari, kamar tuwo ya ƙone? Taka mata, ɗana, mu samu la'asar gida." Ya ce, "To, Baba," ya taka. Masu babur da ke wucewa suna ta nuna ƙarƙashinta da hannu, domin jan mai ne ke zuba, ya ja layi a kan rairayi tun daga gangare. A tsakiyar tudun injin ya yi kuka iya ƙarfinsa, taya ba ta motsa ba. Maganarta ta ƙarshe ita ce "fssss."

An yi mata duk abin da aka gada. An ɗura wa lagireto ruwa, an kwara mata jarka biyu a ka. Maza goma sha ɗaya daga rugar da ke kusa suka tura ta gaba, suka tura ta baya, ba wanda ya gaya musu otomatik ba ta tashi da turi. Alhaji ya hau babur ya tafi gida. Zayyanu ya zauna.

Yau kwanansa uku a gindin wata ɗorawa. In ya tafi, masu kwance fitilu da batir za su riga shi yi mata sutura. In ya zauna, ga hadari na haɗowa daga gabas kowace yamma, shinkafa kuwa ba ta da rufi sai tabarma. Safina na aiko da fura, ba ta aiko da magana, domin ita ma tsakanin uba da miji ba ta da wurin ajiye baki. Zayyanu yana jin haushi, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wanda zai yi wa ba sai kansa.

Jiya Sadisu bakanike ya zo daga Bagudo. Ya zaro ma'aunin man giya, ya shinshina, ya girgiza kai. "Ta dahu ta ciki, Zayyanu. Lagireto kaz zuba ma ruwa, wuta tana ƙasa. Da ka tsaya ta huce, da yanzu tana nan." Kafin ya tafi ya leƙa taraktar don ganin ido kawai. Ya sa yatsa biyu ya murɗe wani ɗan famfo a ƙarƙashin tanki, wanda mai sayarwa ya kulle don kada gas ya zube. Aka murɗa makulli. Ta tashi bugu ɗaya.

Marigayiyar ta bar maigidanta Zayyanu, da safaya ɗaya mai faci huɗu, da jak, da hular da ta rufe fitila, da buhunan shinkafa marayu a fadamar Kende. Ta bar matan kasuwa da za su koma hawa babur da kwando a ka.

Za a ɗauko gawa gobe Asabar da hantsi, bayan Sadisu ya kwance mata farfela, ƙarfen da ya haɗa giya da tayoyin baya, don ta jawu. Taraktar Alhaji Malami ce za ta ja ta, da sarƙar nan dai. Za a kwantar da ita a bayan garejin Sadisu, kusa da 'yan'uwanta, har Allah ya kawo giya daga Kwatano ko kaji su fara ƙwai a kujerarta. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Zayyanu. Ana roƙon masu zuwa su tsaya a "Allah ya mayar da alheri," kada kowa ya tambayi abin da ya kashe ta, domin Alhaji zai kasance a kan tabarmar gaba. Ya riga ya shaida wa jama'a cewa motocin zamani ba su da ƙashi, ya kuma yi alkawarin taraktarsa za ta kwaso shinkafar Zayyanu da zarar ta gama huɗar gonakinsa, in ruwa bai riga ta ba.

Bayan an watse, Zayyanu zai je gidan Alhaji, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya ce, "Mun gode, Baba."