Raguna Biyu Don Ribar Waya

Buhu arba'in na riɗi na sayar a Damazin, na tura wa ƙanena Usman da ke Jidda kuɗin ya saya mini hannun jari. Ya nuna mini wata manhaja da ke bin farashi tana lissafa rabon riba. Ni da ba a taɓa cutata a awo ba, cikin kwana biyu na ce na gane kanta. Har na riƙa shigar da kamfanonin da nake sha'awa don gwaji, na manta ban goge su ba.

Ran nan waya ta nuna riba mai kauri. Na yanka raguna biyu na yi karama, sadakar godiya. Maƙwabta na ci, wayar na yawo hannu-hannu. Ana shan jabana, gahawarmu, na kira Usman, na buɗe muryar waya kowa ya ji, na karanto masa kamfanonin da ribarsu.

"Yaya," ya ce, "waɗanga ai rubuta su kurum ka yi, ba mu saye su ba. Kamfaninka guda ne."

Ribata ta gaskiya ta biya albasa da gawayi. Raguna kuwa sun tafi. Har yau in na ratsa kasuwa, mahauci sai ya ɗaga wuƙa: "Ya Hajj, wayar ta haihu? In kama rago?"