Wayar da Na Aika Tsafe Ba Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau, don a cikinta na tara wa mai rai 'yan zaman makoki. Lokacin ina malamin ofis a wurin Alhaji Ɗanjuma, mai sayen gyaɗa, na baro Bungudu da ɗan karatun bokona da alƙalami a bayan kunne (ko ba abin rubutawa, yana nan).

Alhaji yana aika wa wakilansa saƙo ta wayar tangarahu, kuma kowace kalma kuɗinta daban. Da kuɗin suka yi yawa sai ya tura mini tarin takardun ya ce, "Duba man inda kuɗin ga ka tafiya. In ka gano, kai ne babban malami. In ka kasa, ka koma gona."

Kwana biyu na gano ɓarnar. Rabin kowace waya gaisuwa ce: ina gajiya, ina iyali, ya ruwa, ya jikin Inna. Sai can ƙarshe a ce a turo buhuna. Na ja layi ƙarƙashin kowace gaisuwa, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Ban gaya wa Alhaji ba, na fi so ya gani a aikace.

Ran nan ya ce in kira Malam Isa, dattijon da ke saya masa gyaɗa a Tsafe, su yi maganar farashi. Alhaji ya jero gaisuwarsa kamar kullum, ni kuwa na je tasha na aika kalma uku: ZO GIDAN ALHAJI.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a wurin mutanenmu saƙon da ya zo ba gaisuwa saƙon rasuwa ne. Washegari da la'asar sai ga Malam Isa idanu jajur, bayansa mutanen Tsafe da na Kucheri sun cika ƙofar gida, har da limami da jakuna ɗauke da gero na sadaka. Suka tarar da Alhaji zaune kan tabarma yana shan fura.

Malam Isa ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Alhaji, kai ne?"

"Ni ne mana. Mi ya faru?"

Dattijon ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa. "Shekara nawa muke tare, ba ka taɓa aiko man ba ka tambayi iyali ba. Na ce lalle ba bakinka ba ne, ka riga mu."

Duk aka juyo gare ni. Wallahi na so ƙasa ta buɗe in shige, alƙalamin ma ya zame daga kunnena. Na durƙusa na ce tsimi nake yi.

Baƙin nan kwana uku suka yi, don ba a sallamar wanda ya zo kukan mutuwarka da yunwa. Rago biyu suka tafi. Na riga na ɗaure kayana zan koma Bungudu, sai Alhaji ya kira ni yana dariya.

"Zauna, ɗan boko. Ka nuna man masu ƙaunata tun ina da rai. Amma daga yau kai ka rubuta gaisuwar, kuma kada ka rage ko ɗaya."

Shekara da shekaru na yi a ofishin nan cikin jin daɗi, na rage kuɗin kananzir, na rage na igiya. Amma ko buhu ɗaya zan nema ta waya, sai na fara tambayar jikin Inna.