Man Shanun da Ya Hana Ni Shiga Jirgi

Matso kusa 'yar'uwa ki ji, don wannan ba labarin da ake ɗaga murya ba ne. Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka yi bikin Asabe ƙanwar maigidana ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma wallahi yanzu da na ɗauko zancen sai da na ji kunyar ta dawo min sabuwa.

Lokacin ina da shekara huɗu da aure, muna zaune a gidansu na gado a cikin birnin Zariya, sashenmu daban, na Hajiya surukata daban. Ni mace ce ta gida. Ki ba ni tsakar gida da tabarma da abokiyar hira, kin gama min komai. Boko kuwa a aji huɗu na firamare muka rabu, ba faɗa ba gaba. Asabe ce 'yar bokon gidan, tana karatu a jami'a, nan harabar Kongo, kuma wanda za ta aura a Legas yake aiki. To a nan maganar take. An ce a jirgin sama za a kai amarya, daga Kaduna, kuma mata biyu kacal za su raka ta. Kujera ɗaya ta gwaggonta ce, ba gardama. Ɗayar kuwa Hajiya ta ce tana dubawa.

Ni ce matar babban wa. Wa za a duba in ba ni ba? Amma ina da kunne (wannan kam Allah ya ba ni, ko a bayan ɗaki ake raɗa sai na tsinta), na kuwa ji Asabe tana ce wa uwarta, "Hajiya, Anti fa ba ta saba shiga mutane ba. Kar mu je ta ba mu kunya a gaban dangin miji." Hajiya ta ce, "To, bari mu gani."

Ni! Ni da nake yi mata dambu duk ranar da ta dawo hutu, in cika mata kwalba da yaji in za ta koma! Na haɗiye, na ce a raina za ku ga shiga mutane.

Saura kwana biyar ɗaurin aure, ƙawayen amarya suka shirya liyafa a gidan su Jummai, babbar ƙawarta, a G.R.A. Mata zalla, gida mai doguwar katanga, kuma a bayan gidan akwai wani ƙaton kwami na siminti cike da ruwa da ake shiga a yi iyo, wai shi suwimin ful. Asabe ta leƙo ɗakina ta ce, "Anti, ina dai gaya miki ne, na san ba za ki je ba."

Na ce, "Wa ya ce? Har ruwan ma sai na shiga."

Da na nemi izini wajen maigidana, Baban Sadiya, sai ya ce, "Ke da ko rijiya ba kya son leƙawa?" Na ce ya dai ce in je. Ya ce a dawo lafiya.

Damuwata ɗaya gashina. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in ana zancen gashi da ni ake misali, ga shi an wuni guda ana yi min ƙananan kitson biki. Ranar da safe Asabe ta shigo da wata hular roba da ɗan man kanti a kwalba. Ta ce, "Anti, ruwan nan ana zuba masa magani, yana cin gashi, ga kuma rana. Ki fara jiƙa kanki da ruwa mai kyau, ki shafa wannan kaɗan, sai ki sa hular."

Na ɗaga hular da yatsa biyu. Kamar tumbin akuya da aka wanke. Na ce, "Asabe, ni za ki koya wa gashi? Ke da naki ko wuya bai taɓa sauka ba? Kwashe kayanki, muna da namu na gado."

Namu na gado shi ne na kakata Iya. In bazara ta shigo, takan samo ɗanyen man shanu, wanda ba a soya ba, ta kwaɓa shi da garin kanumfari, ta bi tsagar kitso ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. Sai mutum ya zauna a inuwa, washegari a wanke da karkashi. Ki riƙe wannan: a zauna a inuwa. Shi na tsallake. Kuma Iya cokali ɗaya take sa wa kai. Ni kuwa na yi lissafina na masu aji huɗu, na ce Iya da rana kawai take faɗa, ni ga rana ga ruwan magani, don haka na kamfato ludayi guda na danƙara. Na ɗaure da baƙar leda, na ɗora ɗankwali, na yafa mayafi.

Asabe ta riga ta tafi da ƙawayenta, ni sai bayan azahar na fito. Kin san ranar Zariya a bazara. Na taka tun daga cikin lungunmu har Ƙofar Doka, leda tana dafa min kai kamar tukunyar da aka rufe. Muka cusu mu huɗu a bayan tasi. Ba mu kai Tudun Wada ba wani dattijo a gaba ya ce, "Direba, tsakaninka da Allah, ba ruɓaɓɓen nono ka ɗauko a but ba?" Direba ya rantse. Matar da ke gefena ta ja mayafi ta rufe hanci. Ni ma (Allah ya yafe min) na rufe nawa, har da cewa, "Kai, mutane ba su da tsafta." Alhali ina jin wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnena. Na ce gumi ne.

Na tarar da 'yan mata sun fi ashirin, ana ta Turanci ana shewa. Na shiga ɗaki na sa dogon wando da tsohuwar rigar Baban Sadiya, ɗankwalina yana nan daram a kan leda. Na kama ƙarfen matakala na sauka ta wajen da ba zurfi, ina karanto duk addu'ar da na sani. Ruwa ya kawo min ƙirji. Sanyi, daɗi, ba a magana. 'Yan mata suka ɗau tafi, "Anti ta waye! Anti ta waye!" Na hango Asabe tana murmushi. Wallahi a lokacin har na fara tunanin atamfar da zan sa a jirgi.

Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ki. Sai Jummai ta ce, "Anti, ai ba a ce an shiga ba sai an nutsa kai."

Na toshe hanci na nutsa.

Da na ɗago, kaina sakayau. Ɗankwali ya yi gabas, leda ta yi yamma. A kewaye da ni kuwa ruwan da ɗazu yake shuɗi garau ya yi ido-ido rawaya, sak saman romon kan saniya, ga garin kanumfari yana yawo a ciki. Sai warin ya taso. Man da ya narke a rana ya kuma dahu a leda, ba sai na kwatanta miki ba. Wata ta ƙwalla ihu ta ce wani abu ya taɓa mata baki. Wata ta yi tsalle za ta fita, santsin matakala ya dawo da ita ciki. Kan ki ce me, kowa ya fice sai ni.

Na ce bari in sulale can gefe kamar ba ni ba. Ina tafiya mai yana bina a baya kamar jela.

Ana haka maman Jummai ta fito da farantin cincin. Tsohuwar malamar asibiti ce, mai tabarau. Ta tsaya, ta shaƙi iska, ta ajiye farantin a hankali. Ta ce, "Wa ya juye min miya a ruwa?"

Sai muryar Asabe, ƙasa-ƙasa: "Mama, matar yayana ce."

Matar nan ta zo bakin kwamin ta duƙa, ta dangwali ruwan da yatsa ta sansana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baiwar Allah, ko soya shi ba ki yi ba?"

Abin da ya fi ƙona min rai, amsawa na yi. Na ce, "Ai ɗanyen ya fi shiga gashi, Mama." A gaban mutum ashirin, ruwa har ƙirji, ƙuda sun fara sauka a kaina, ina ba da darasi!

Ta ce in fito. Ta ce dole a zubar da ruwan duka a wanke kwamin, a watan da famfon garin ya yi mako uku bai ɗiga ba. Liyafa ta watse tun ba a taɓa shinkafa ba. Amarya kuwa, da ba ta sa hula ba don ta ba ni tata na ƙi ita ma ta bar ta a gida, sai da aka sake wanke mata kai sau uku. A motar da ta dawo da mu kanta yana waje ta taga tun daga G.R.A. har cikin birni.

Kafin in cire mayafi labari ya riga ni isa sashen Hajiya. Ta aiko in zo. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce in ƙara ja baya kaɗan. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Maman Sadiya, na tambaya, an ce shi jirgin sama ba a buɗe masa taga. Ki yi haƙuri, ki zauna ki kula mana da baƙi."

Wata 'yar ƙanen Hajiya aka ba kujerar, yarinyar da ta yi ta amai tun daga Kaduna har Legas. Baban Sadiya kuwa, maimakon ya shiga maganar, dariya ya yi har da tari, na kwana uku ban yi masa magana ba. Har yau in aka zuba man shanu a tuwo a gidan nan sai wani ya ce, "A ajiye wa Anti nata."

Ga kuma abin da ke ci min rai, wanda babu mai son ji: maganin ya yi aiki. Ko sili ɗaya bai karye a kaina ba. Ranar ɗaurin aure gashina yana sheƙi, na waɗanda suka yi min dariya kuwa ya bushe kamar tsintsiya. Amma wa ya tambaya?

Abin da na koya dai, in za ki ɗauki dabarar kakarki ki ɗauke ta duka, har da zaman inuwar. In kuma yarinya ta miƙo miki hular roba, ki karɓa ki sa, ko da tumbin akuya take kama. Jikokina mata yanzu in za su iyo ni ke jiƙa musu kai, in shafa mai ɗan kaɗan, in ja musu hular har kunne, suna ƙorafi ina ja.

Na san na yi wauta, ban musa ba. Amma kwana biyar fa suka rage, kuma da karkashi sau biyu warin ya fita. Ki gaya min tsakaninki da Allah, da ke ce surukar, a kan ludayi ɗaya za ki hana ni kujerar nan?