Shafin da Na Kulle wa Dattawa

Madogarata a wannan bayani su ne littafin aikina da shaidar kawuna. Ranar ce ban tabbatar ba, Laraba ko Alhamis, a farkon daminar bara.

Ƙungiyar manoman yankinmu ta ba ni aikin tsara shafin intanet na jadawalin rabon iri. Na auna hanyoyi biyu: a bar mai karatu ya ƙara girman rubutu a wayarsa, ko a kulle tsarin. Na kulle, ina alfahari, don kada wani ya wargaza mini layuka.

Kawun nawa, Alhaji, shugaban reshen Sabuwa, idonsa ya yi rauni. Ya ja fuskar wayar da yatsu biyu har ya gaji, rubutun bai motsa ba. Ya yi kirdado, ya ɗauki layin wani reshe, ya kwaso mutanensa a kan babura zuwa wurin rabo a Faskari bayan an gama rabonsu. Suka koma hannu rabbana, ana tsakiyar shuka.

"Ɗana," in ji shi, "mu ka rubuta mawa, ko ko tururuwa?"

Na buɗe shafin a makon, amma har yau, ko a wurin ɗaurin aure, Malamin Tururuwa ake kirana. Abin da ban samu wanda zai tabbatar mini ba shi ne: suna irin wannan, shekara nawa yake yi kafin ya mutu?