Giwan Ruwan da Na Kama a Kalgo

Ba zan taɓa mantawa da su ɗin nan, wato kamun kifi na gayya, da na shiga a Kalgo ba, kuma ko na so mantawa, dangin matata ba za su bari ba. Duk wanda ya tashi ba da labarin sai ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ga gara a ji shi daga bakina.

Ni tela ne a Gwandu, amma a gidan shanu na tashi. Matata Hauwa'u kuwa 'yar masunta ce daga wajen Kalgo. Mahaifinta (Baba nake ce masa, ban taɓa kama sunansa ba) ya yi suna wajen lalube, wato ya nutse ƙarƙashin ruwa ya kamo kifi da hannunsa. Tsoho ne mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai: in durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, ya amsa, in tashi in ba shi wuri.

Matsalata ita ce ƙanen matata, Sanusi. Ƙato ne mai mata da 'ya'ya, amma ba shi da aikin da ya fi tsokanata. In aka kawo tuwo da miyar kifi, sai ya jawo kwanona ya fara cire mini ƙaya.

"A kula da Ɗan Fulani," in ji shi, "kada shi mutu muna cikin gida."

Na daɗe ina shanyewa. Amma ranar sunan ɗanmu na fari, a gaban mutane, Sanusi ya ɗaga jaririn ya ce, "Allah shi sa ka biyo mu, yaro. In ka biyo ubanka, ko a randa sai an tsamo ka." Aka kwashe da dariya. Na hango Hauwa'u ta ƙofar ɗaki, ita ma ta yi murmushi, amma ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyarwar ce ta tsaya mini a wuya.

Na ce, "Sanusi, bana da ni za a yi su."

"Kai? Ka iya ruwa?"

"Mu da ke ƙetare gulbi da garke guda?" (Ban gaya masa cewa wutsiyar bijimi nake riƙewa ba, ido a rufe, ina salati.)

Akwai wani tafki a bayan garinsu da ba a taɓa shi sai da bazara, in ruwa ya ja baya, kifi ya taru ya yi ƙiba. Sai Sarkin Ruwa ya ba da izini a shiga rana guda. Kafin ranar na sayi homa, irin ragar nan mai baki biyu da ake haɗewa a kan kifi, da babban gora wanda ake kwanciya a kai a yi iyo. Na je wani kududdufi a hanyar Malisa na yi ta gwaji ni kaɗai, shanu suna kallona. Ruwan iyakarsa gwiwa. Na kama kwaɗi da dama, na dawo gida ina jin kaina gwani.

Hauwa'u ta ce, "Don Allah ka bari. Bakin Sanusi ne fa kawai."

Na ce, "Ke dai ki tanadi tukunya babba."

Ranar su, bakin tafki ya cika maƙil. Mutane har daga Dangoma, mata da yara a kan tudu, makaɗa a cikin kwalekwale. Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ana ba da izini sai jama'a suka ruga cikin ruwa da ihu, ni ma na ruga. Nan da nan ruwan ya koma kamar kunun kanwa, ko hannunka ba ka gani.

Gaskiya abin bai yi kama da kududdufin Malisa ba. Na hau gora ya juya da ni, na sake hawa ya sake juyawa. Daga ƙarshe na rataya shi a baya, na tsaya inda ruwa ya kai mini ƙirji, kusa da wata ciyawa, ina haɗa homa a kan laka. Hagu da dama mutane na ɗago ƙarfasa da tarwaɗa suna jefawa a gora. Sanusi ya wuce ta gabana a kwance kan nasa goran kamar mai hutawa a gado.

"Ɗan Fulani, mi ka samu? Ko in aro maka guda?"

Na ci gaba da haɗa homata.

Yana wucewa sai na ji wani abu ya gogi cinyata a ƙarƙashin ruwa. Babba ne, mai santsi, mai nauyi. Na so in ja da baya, amma na tuna da kan Hauwa'u a sunkuye. Na saki homa, na duƙa, na rungume shi da hannu biyu. Ya fizge, na ƙara matsewa. Ya doke ni a ƙirji, wani duka da na ji har cikin haƙorana, na ce a raina, yau ko ni ko kai.

Sai na buɗe baki na kwarma ihu: "Giwan ruwa! Jama'a, giwan ruwa! Sanusi, zo ka gani!"

Da ma na yi shiru. Makaɗa suka juyo da kwalekwale suka nufo ni suna kiɗa. Masunta suka bar abin da suke yi suka kewaye ni. Mata a kan tudu suka fara guɗa. Wani yana cewa, "Riƙe shi da kyau! Nemi bakinsa!" Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na cije, na ɗago shi sama.

Abin da ya fito daga ruwa yana da yatsu. Yana da kaushi a dunduniya, da laya ɗaure a idon sawu.

Ƙafa ce. Kiɗa ya tsaya cak. Ni kuwa, saboda ruɗewa, ban saki ba. Ina tsaye rungume da ƙafar mutum a kafaɗata, sauran jikinsa yana ƙasa yana shure-shure. Sai da Sanusi ya daka mini tsawa, "Sake shi, za ka kashe shi!" sannan na saki. Ƙafar ta zame ta koma, ta bar mini gajeren wando a hannu.

Can sai kai ya ɓullo. Furfura, gemu cike da laka, yana tari yana fitar da ruwa ta hanci. Baba ne. Surukina. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Ashe ya nutse ne yana bin wani ƙaton ragon ruwa cikin saiwar ciyawa, har ya sa hannu a bakinsa, ni kuma na zo na kama shi ta baya. Kifin ya tafi.

Me mutum zai ce? Bakina ya yi abin da ya saba: "Baba, ina wuni? Ya gida?" Jikina ma ya yi abin da ya saba, na durƙusa. A cikin ruwan da ya kai ƙirji. Na nutse gaba ɗaya, na sha laka, na rasa sama da ƙasa. Hannun da ya damƙo wuyan rigata ya fito da ni, na tsohon ne. Da ɗaya hannun kuma ya karɓi wandonsa, ya juya baya, ya saka a ƙarƙashin ruwa.

Dariyar da aka yi a tafkin nan, ina jin har Gwandu an jiyo ta. Wani makaɗi ya faɗa ruwa don dariya. Sanusi ya riƙe ciki yana cewa, "Fita, fita, ka tai gida hakanan, ya isa."

To a nan ne na ƙi. Na ce, "Ba inda za ni. Sarkin Ruwa ne ya ba da izini, ba kai ba." Na lalubo homata, na koma gefe, na ci gaba da haɗa ta a kan laka, kunnuwana suna zafi. Duk wanda ya wuce sai ya janye ƙafarsa yana cewa, "A yi hattara, ga shi nan!" Ban ɗaga kai ba. Sai da rana ta yi sanyi, mutane suka fara fita, sannan Allah ya ba ni ƙurungu guda, ɗan ƙarami, wanda ya soke ni da ƙayarsa a babban yatsa kafin in jefa shi a gora.

Na kai wa Hauwa'u shi a gaban kowa, na ce ta dafa shi daban. Ta karɓa, idonta ya yi ja (har yau ban sani ba ko kuka ta yi ko dariya, kuma ta ƙi faɗa).

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni zaure. Na shiga ina jan ƙafa, na tsuguna a bakin ƙofa. Maza sun cika wurin, kowa na danne dariya. Tsohon ya daɗe yana murza idon sawunsa, wanda ya kumbura.

Sannan ya ce, "Tun ina yaro nike shiga ruwa. Har kada ya taɓa cafke ni, na kuɓuce. Wanga yaro ban kuɓuce mai ba." Ya dubi Sanusi. "Kai ka taɓa riƙe wani abu haka?"

Sai ya juyo wajena.

"Baɗi ka dawo," in ji Baba. "Amma ka tsaya gabana, inda nika ganinka."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Tun daga ranar sunana a Kalgo ya koma Mai Giwa, yara har waƙa suke yi mini in na sauka daga mota. Ina amsawa, har hannu nake ɗaga musu. Kowace bazara kuma ina cikin tafkin nan da homata, kuma ban ga wanda zai hana ni ba.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ina aiki da shi. In ka kama abu a cikin ruwa, shafa shi tukuna ka ji ko yana sanye da wando kafin ka kira makaɗa. In kuma ya zama surukinka ne, gaishe shi a tsaye, Allah ya san uzurinka.