Ragon Suna a Hawan Ɗa'ifa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga gidan suna a ƙafa, rago yana ja na ba. Kuma bakina ne ya ja mini.

Ƙanwar matata ce ta haihu a Ɗa'ifa, aka sa raɗin suna da hantsin Asabar. Surukina, wanda ya tsufa a unguwar Kurayyat ta nan Jidda, shi ya sayi ragon, ya ce zai nemi mai a-kori-kura ya kai su. Na yi caraf na ce ai ga ni. A watan ne aka ba ni sabuwar a-kori-kura mai aiki da lantarki a wurin aiki, babu ƙara babu hayaƙi, har na roƙi kafili, wato ubangidana a wurin aikin, ya bar mini ita ranar. (Gaskiyar magana, shekara shida ke nan ina neman Baba ya yaba mini ko sau ɗaya.)

Baba ya zagaya motar, ya ce, "Ya waladi, wannan za ta hau dutse?"

Na ce, "Baba, za ta hau ba ta ma sani ba."

Muka bar Jidda bayan sallar Asuba, rago a baya, Baba a gaba. Allon motar ya nuna cajin zai kai mu har da saura. Na ƙure na'urar sanyaya. A hanya ma na tsaya na jona butar lantarki a jikin motar, na dafa shayi har sau biyu. Babu fa wanda ya ce yana son shayi.

Da muka wuce Makka sai ga wurin caji. Baba ya ce, "Tsaya ka ba ta ta sha." Na ce lokaci zai ƙure mana. Ni fa na yi shekaru ina tuƙa tasi a Kano, kuma a can jar wutar ƙarewar mai ba ta tsorata direba. In ta kama, akwai sauran mai a ƙasan tanki. In ma motar ta mutu, ka girgiza ta, ta tashi. Wannan ilimin na ɗauko sukutum na ɗora wa batir.

Muna fara hawan dutse caji ya shiga zuba kamar an huda buhun gero. Na kashe sanyi. Na kashe rediyo. Baba ya sauke gilashi, ya ci gaba da jan carbi. Motar ta yi ta gargaɗi, ta koma tafiyar tsofaffi, daga ƙarshe na samu na raɓa gefen titi daf da saman dutsen, ta yi tsit.

Na fito cikin farar shaddata, na naɗe hannu, na kama gefen motar na dinga girgiza ta iya ƙarfina. Rago yana kuka, birai sun jeru a kan duwatsu suna kallona. Da hakan bai yi ba, sai na miƙa hannu bayan kujera na zaro galan. E, galan ɗin fetur. Da daddare na saka shi saboda sabo, ban ma yi tunani ba.

Baba ya leƙo. "Esh hada? Mene ne wannan? Wutar za ka ɗebo mana a galan?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga waya daga gidan suna: liman ya iso, rago kawai ake jira. Wani bawan Allah ya tsaya da ƙaramar mota, ya ce zai ɗauki tsoho amma ban da dabba. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, bar ragon, a nemi wani a can." Na san sati guda ya yi yana zagaya kasuwa kafin ya zaɓi wannan ragon don jikarsa. Na ce, "Baba, na ce zan kai shi, kuma zan kai shi."

Baba ya shiga motar mutumin suka wuce. Na kira masu jan mota, na sauke rago, na naɗa igiya a hannu. Gidan yana Hada ne, kafin a shiga cikin Ɗa'ifa, a saman dutsen, amma sai da na yi sama da awa guda ina tafiya. In na ja ya turje, in na tsaya numfashi ya fizge ni. Motoci suna wucewa ana ɗaga waya ana ɗauka ta hoto. Takalmina ya tsinke, na ci gaba da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Na shiga gidan kafin azahar, shadda ta koma ruwan ƙasa. Ashe Baba ne ya hana a sayi wani ragon, ya zaunar da liman. Ya nuna ni a gaban jama'a ya ce, "Ga surukina. Kansa babu caji, amma in ya ce zai kai, zai kai." Wuri ya ɗauki dariya, ni kuwa daɗi ya kama ni, don shi ne yabon da na jira shekara shida.

Yanzu ko rabin caji na gani sai na tsaya na jona. Galan ɗin kuma Baba ya karɓe shi, da shi yake ba shukarsa ruwa, kuma sai na zo gaisuwa yake tuna shukar tana jin ƙishi.