Nomau da Kwamfutar Gidan Malam Sallau

A Unguwar Kanya akwai gidan Malam Sallau, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Mutum uku ne a gidan: shi, da matarsa Tabawa, da ƙaninsa Nomau. Nomau ya haura shekara arba'in. Mutum ne mai ƙarfi da biyayya, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi yake aikatawa, ba ya ragi, ba ya ƙari.

A ɗakin Malam Sallau akwai kwamfuta a kan tebur. A cikinta ne ya tara hotunan mahaifiyarsu, marigayiya Inna Kande, da muryarta da ya ɗauka kafin rasuwarta, tana ba da tarihin kakanninsu, tana rera waƙoƙin niƙa. Babu wannan murya a ko'ina sai a nan. Da kwamfutar ta fara wani ƙara ƙas-ƙas, sai aka ɗauko Garzali mai gyara daga birni. Ya saurara, ya ce faifan da ke riƙe da ajiyar ya tsufa, yana iya mutuwa kowane lokaci da duk abin da ke cikinsa. Ya yi alkawarin aiko da filashi, ɗan abin ajiya kamar ɗan yatsa, a kwafe komai a kai, sannan ya bar gargaɗi kan zafi da girgiza. Nomau yana bakin ƙofa, bai bar kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

Wata rana Malam Sallau zai tafi kasuwa, ya ce, "Nomau, kada ka bari kwamfutar nan ta yi zafi." Da Tabawa ta dawo daga maƙwabta, sai ta tarar da kwamfutar a gindin randa, a kan jiƙaƙƙen yashi, an lulluɓe ta da buhu, Nomau kuma yana tsaye a kanta da moɗa cike da ruwa.

"Innalillahi! Nomau, me za ka yi?"

"Yayyafi zan yi wa buhun."

"Kwamfutar za ka jiƙa?"

"Yaya Tabawa, tun da kika zo gidan nan, kin taɓa shan ruwan randar nan da zafi?"

Tabawa ta ƙwace moɗar, ta ce ba ta taɓa ba. Nomau ya ce to shi ke nan. Aka mayar da kwamfutar kan tebur, Allah ya sa ɗigo bai shiga ba.

Wata rana kuma Malam Sallau ya ce masa, "Ka kula, ba a so ta girgiza ko kaɗan." Nomau ya ɗora tafin hannu a kan tebur, ya ji yana rawa duk lokacin da Tabawa ta sauke taɓarya a turmi. Ya fita ya karɓe taɓaryar. Ya dawo ya sake ɗora hannu, ya ji har yanzu akwai saura. Sai ya bi gidajen layin da sallama, ya tattara taɓarensu, ya ɗaure su kamar itacen girki, ya hau da su kan soro ya zauna. Mata suka taru a ƙasa suna yi masa faɗa.

Wata tsohuwa ta ce, "Kai wawan Allah, da me za mu yi tuwo?"

Nomau ya ce, "Iya, ku yi haƙuri. Idan filashi ya iso, kowa zai daka."

Ranar layin gaba ɗaya kwaki aka sha, kuma Malam Sallau ya bi gida gida yana ba da haƙuri.

Wata rana Malam Sallau ya ce, "Duk lokacin da ka ji ƙas-ƙas, ka sanar da ni." Kafin azahar Nomau ya kawo rahoton tsaka a bango, da kaza tana tsattsagar kwano, da gwiwar Malam Sallau ɗin kansa lokacin da ya miƙe daga tabarma. Da la'asar mahaifin Tabawa ya zo gaisuwa, dattijo mai yawan shekaru. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kawo goro, ya fasa ya fara tauna. Nomau ya karkata kai ya saurara da kyau, sannan ya durƙusa cikin ladabi.

"Yaya, Baba ya fara ƙas-ƙas."

"Tashi ka ba mu wuri."

"Garzali ya ce duk abin da ya fara haka, kwanansa ya kusa ƙarewa. Gara a kwashe abin da ke cikinsa tun da wuri."

Dattijon ya ajiye goron, ya nemi takalminsa. Sai da Tabawa ta je gida da kanta kafin ya sake amsa gaisuwar surukinsa.

Wata rana, ana dab da faɗuwar damina, filashin ya iso. Malam Sallau ya kwafe hotunan da muryar duka a kansa. Yana gamawa aka aiko masa da rasuwa a wani ƙauye. Niyyarsa a jefa filashin a aljihun tebur, ƙarƙashin kwamfutar. Amma da yake tsohon malamin gona ne, sai ya miƙa wa Nomau yana gyara hula, ya ce, "Ka adana wannan kamar yadda ake adana iri."

Da ya dawo ya buɗe aljihun tebur, bai ga komai ba.

"Ina filashin?"

"Yana rumbu."

"Rumbu?"

"Na tankaɗe toka, na haɗa da busasshen barkono saboda ƙwari, na zuba a tulu, na sa shi a tsakiya. Na liƙe baki da laka. Yana can ƙasa, dammunan gero suna kansa."

"Je ka ɗauko shi yanzu."

"Yaya, kai ka koya mana. Ba a buɗe iri sai ruwan farko ya sauka."

Malam Sallau ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Amma ɗauko tulun yana nufin sauke rumbun gaba ɗaya, kuma Nomau kaɗai ke da ƙarfin yin haka. Malam Sallau ya ce a bari sai ya samo 'yan ƙodago.

Bai kai ga samo su ba. Da yammacin wata Laraba hadari ya haɗo daga gabas da iska mai ƙarfi, ta yaye kwanon ɗakin Malam Sallau, ruwa ya zuba a kan tebur kamar da bakin ƙwarya. Aljihun tebur ya cika taf, takardun ciki suka zama kunu. Washegari Garzali ya zo ya kwance kwamfutar, ya ciro faifan yana ɗigar ruwa, ya ce wannan kam sai haƙuri. Sannan ya tambaya ina aka ajiye filashin.

Malam Sallau ya ɗaga kai ya dubi rumbu. Jinkarsa tana nan daram, amma dammunan gero suna jere a ƙasa, ga fasasshen tulu, ga busasshiyar toka a warwatse.

"Tabawa, ina Nomau?"

"Ya fita da sungumi tun da safe. Ya ce ƙasa ta jiƙu."

Mutanen Unguwar Kanya sun shaida cewa ba su taɓa ganin Malam Sallau yana gudu ba sai ranar, babu hula, babu takalmi. Ya tarar da Nomau a bakin gona ya sare rami, filashin yana tafin hannunsa, fes, ko danshi babu. Bai saka ba tukuna.

"Yaya, gara da ka zo," in ji Nomau. "Ba ka faɗa mini zurfin ba."